Haƙora Uku na Fiyanon Gwaggo Naomi

Kontagora, Litinin, farkon damina

Aikin farko: ɗora ruwan wankan Gwaggo.

Promise 'yata, kada layin saman nan ya ba ki mamaki. Daga littafin da nake rubuta ayyukana na kullum na yago takardar, babu wata a gidan. Zan ɗauki hotonta in turo miki ta waya kamar yadda muka saba, don kin san in na buɗe baki a waya rabin abin da na shirya faɗa ɓacewa yake yi.

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya Legas da cunkosonta? Mu nan alhamdulillahi. Kakarki, Gwaggo Naomi, da sauƙi, sai dai yatsun hannun hagunta sun kumbura tun da ruwa ya sauka, mantuwa kuma tana ƙaruwa. Jiya ta tambaye ni ko babanki ya dawo daga gona. Na ce bai dawo ba tukuna. Ban sani ba ko daidai na yi, amma ba zan iya sanar da ita rasuwarsa kowane mako ba.

Na ga saƙonki cewa kina son in ɗauko miki kiɗan fiyanonta a waya saboda binciken da za ki kammala karatu da shi. Na gwada. Bari in faɗa miki yadda abin yake, kada ki ce na yi ganda.

Gwaggo ba ta zama gaban fiyanon sai bayan wankan safe, kafin karin kumallo. In ta kaɗa, ranar za ta sha kunu ta ci abinci. In ba ta kaɗa ba, sai na yi ta lallashi. To daidai lokacin ne masu keke ke fitowa, maƙwabcinmu mai niƙa ya tayar da inji, ni kuma ana jirana a ɗakin kati na asibiti. Duk za ki ji su a ciki. Har akuyar Mama Rahila ta samu shiga.

Fiyanon kansa ya tsufa. Ƙafafunsa na cikin gwangwanayen baƙin mai saboda gara, duk mako sai na duba ko man ya ƙafe. Abubuwan dannawan nan da Gwaggo ke kira haƙora, uku daga cikinsu sun mutu, ko an danna ba sa magana. Da damina kuma wasu kan maƙale sai an ɗago su da farce. Kowace safiya ina goge shi. Wata maƙwabciya ta taɓa ce mini, "Salihatu, ke da ba kya wasa da salla, me ya haɗa ki da kayan coci?" Na ce mata yayar ubana ce mai shi, kuma ƙura ba ta da addini. Na yi ta tunani daga baya ko na yi mata gatse.

Ban san ko waɗanda na ɗauko su ne kike so ba. Ni ban san kiɗa ba. Ina ƙarama Gwaggo ta taɓa ɗora ni a kujerar nan tare da 'yan matan unguwa da take koya wa, amma ban wuce mako ba Baba ya zo ya ce ya isa. Saboda haka duk abin da ta kaɗa ɗauka kawai nake, ban san farko ba ban san ƙarshe ba. Na tambaye ta waƙoƙi nawa ta tsara, ta ce, "Ke kin san yawan tuwon da kika tuƙa?"

Gaskiya na gaji, Promise. Wani lokaci nakan dubi akwatin nan da ya cinye rabin falo in ce da ma a wayi gari babu shi, ko na huta da gara da baƙin mai. Allah ya yafe mini.

Ki ci abinci, kada ki zauna da biredi kaɗai.

Antinki,
Salihatu


Legas, Asabar

Anti Salihatu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ya aiki, ya jikin Kaka? Ni lafiya lau, sai mura da ta tafi. Kuma ina cin abinci, wallahi, jiya ma wake na dafa.

Anti, kin san abin da kika turo mini kuwa? Na saurara har sai da abokiyar ɗakina ta ce in nemi abin sa wa a kunne ko ta bar mini ɗakin. Shekara guda ke nan ina karanta tarihin matan Turai da suka yi kiɗan fiyano. Wata ta tsara kiɗa aka buga da sunan ɗan'uwanta, wasu kuma sun ƙare rayuwarsu suna koyar da yara a falo, ɗalibansu suka yi suna, su aka manta da su. Ina ta jin haushi a madadinsu. Sai malamar da ke duba aikina ta ce, "Ke a garinku babu irinsu?" Kunya ta kama ni. A cocinmu na can duk waƙoƙin nan ana cewa na Fasto ne, wato mijinta, Kakana, don kawai shi ne ke tsayawa ya sanar da su. Ni da na taso a gindin fiyanon ma haka nake faɗa. Wannan karon da sunan Naomi za a rubuta su.

Na fara mayar da su rubutun kiɗa, amma akwai matsala. Kowace waƙa tana da ramuka. Ana tafiya daidai, sai a yi shiru, sai a ci gaba, kamar mai magana da giɓi. Na gane haƙoran nan uku ne da kika ce sun mutu. Ba zan kai wa malamata kiɗa mai giɓi ba.

Saboda haka na yi abu biyu, ki yi haƙuri ban jira shawararki ba. Akwai wani mai gyaran fiyano a Kaduna, Malam Andarawus, mutumin kirki ne, zai biyo ta wurinku a hanyarsa ta zuwa wani aiki. Zai tayar da haƙoran. In ya gama sai ki sake ɗauko mini duka daga farko, in samu cikakku.

Na biyu, na karanta inda kika ce da ma a wayi gari babu shi. Na yi kuka, Anti. Mu jikokinta muna nesa, mun bar miki komai. Na yi magana a sashenmu na kiɗa a makaranta, sun ce za su karɓi fiyanon su adana shi da sunan Kaka a jiki. Da zarar an gama ɗaukar waƙoƙin sai a turo mota. Kin ga kin huta.

Ki tambayar mini ita wa ya koya mata, da kuma shekarar.

'Yarki,
Promise


Legas, Talata

Anti, ina kwana? Ina fatan kowa lafiya. Shiru ya yi yawa. Malam Andarawus ya ce mini tuni ya je ya gama, har ya yaba kunun gyaɗarki. Na kira ba ki ɗauka ba. Ko na yi laifi ne? Ko jikin Kaka ne? Don Allah ko layi ɗaya.

Promise


Kontagora, Alhamis, tsakiyar damina

Promise,

Ina amsa gaisuwarki. Ni lafiya, sai ciwon baya. Kakarki kuwa ba zan ce miki da sauƙi ba. Ta rame. Na fara wannan wasiƙar sau da yawa ina yagawa, don ban so in rubuta da fushi, kuma ban tabbata wa nake fushi da shi ba.

Malam Andarawus ya zo da jakarsa a bayan mashin daga tasha. Mutum ne mai raha. Da ya buɗe cikin fiyanon ya ce, "Hajiya, ashe kuna da 'yan haya!" Sheƙar ɓera ce, har da ɓawon gyaɗa. Ya wuni yana aiki, ya sa sababbin 'yan guduma a haƙoran uku, ya ɗaɗɗaure wayoyi. Gwaggo tana ɗaki tana barci yawancin lokacin. Ni na buɗe masa ƙofa, ni na riƙe masa tocila, kuma har ga Allah na ji daɗi da na ji kowane haƙori yana magana.

Washegari bayan wanka ta zauna kamar kullum. Na kunna waya. Ta fara wadda ta fi so, ba ta yi nisa ba yatsanta ya sauka a kan ɗaya daga cikin waɗanda aka gyara, ya yi ƙara. Ta fizge hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta waiga ta ce, "Wa ya sa mini baki?" Na ce gyara aka yi, Gwaggo, Promise ce ta aiko. Ta sake gwadawa, ta sake cin karo da wani. Sai ta rufe murfin a hankali ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. A mayar wa mai shi."

Tun ranar ba ta kaɗa ba. Kunu sai cokali biyu ta ture.

Ran Lahadi da yamma matan zumuntar coci suka zo duba ta, Mama Rahila ta riƙo tulun da suke kaɗawa. Suka yi mata ɗaya daga cikin waƙoƙinta a tsakar gida. Ina wanke-wanke ina ji, sai na ajiye kwanon. Promise, duk inda kika ce rami ne, nan tulun ke faɗawa, matan su tafa. Na tambayi Mama Rahila. Ta ce, "Yo ai haka aka haife su. Tun da baturiyar makarantar mishan ta bar wa Malama fiyanon da za ta koma ƙasarsu, da matattun haƙoransa ya zo. Malama ta dinga bar mana wurin. Ke kina nan kina sharar gidan ba ki sani ba?" Na ce ban sani ba. Ga amsar tambayarki ta wa ya koya mata, baturiyar ce. Shekarar kuwa babu mai tunawa.

Na san za ki ce a yi mata bayani. Na yi. Bayani ba ya kwana a kanta.

Wani abu kuma da ke damuna: matar mai niƙa ta ce in na tafi aiki takan ji sauti ɗaya tak daga falonmu, ana ta maimaita shi, a yi shiru, a sake. Ina tsoron ruɗewar ce ta kai nan.

Batun mota. Na koma na karanta abin da na rubuta miki, na ga lallai na rubuta shi. Amma 'yata, in mace ta ce ta gaji da goyo ba cewa ta yi a karɓe yaron ba. Da safen nan na tsinci kaina ina goge fiyanon da babu mai kaɗawa, na duba baƙin mai, sannan na zauna a kujerar na rasa abin yi. Kada mota ta zo. Ko kuwa ni ce mai son kai, can zai fi samun kulawa? Ban sani ba. Amma kada ta zo tana da rai.

Salihatu


Legas, Juma'a

Anti,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Ya bayan naki? Ki dinga shafa man zafi. Ki riƙe mini hannun Kaka ki ce Promise ce, ko da ba za ta gane ba.

Na soke maganar mota tun jiya. Ba zan ɓoye miki ba, da na fara karanta wasiƙarki sai da na ji zafi, na ce ni da na yi don a huta. Daga baya na tuna ina yarinya ni ma ina tafawa a wuraren nan. Hannuna ya sani, ni ce na zo makaranta na zauna da takarda na manta.

Na kira Malam Andarawus na ce a mayar da haƙoran yadda suke. Ya yi dariya har da tari, ya ce tun da ya fara sana'a ba a taɓa roƙonsa ya kashe haƙori ba. Ba zai samu dawowa yanzu ba, amma ya ce ke ma za ki iya. Ki kira shi.

Tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Kin ce yatsanta yana sauka a kan haƙoran. Ke nan tana danna su duk shekarun nan, ko da ba sa magana. To a kanta akwai sauti a wurin, ko babu? In rubuta shiru ko in rubuta sauti? Lokacin miƙa aikina ya matso, kuma duk wanda na zaɓa haka zai zauna bayan babu ita. In ta samu sarari ki tambaye ta. In ba ta samu ba, ki bar ta, ta ci abinci dai.

Promise


Kontagora, Laraba, gero ya fara kai

Promise 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayana da sauƙi. Kakarki ta sha kunu kofi guda yau, har ta ce sukari bai ji ba. Bari in bi miki abin daki-daki.

Na kira Malam Andarawus. Ya ce in samo tsohon silifas in yanka ƙanana, in cusa tsakanin wayoyin kowane haƙorin da nake so ya yi shiru. Na ce ta yaya zan gane su? Ya ce, "Hajiya, 'yan gudumar da na sa farare ne, sauran duk sun yi kalar goro." Haka kuwa. Na yanka silifas ɗina na banɗaki, na cusa a duka ukun, na danna ɗaya bayan ɗaya. Babu mai magana. Na wanke hannu na rubuta a littafina cewa an gama.

Da safe bayan wanka na ce, "Gwaggo, mai shi ya dawo miki da naki." Ta harare ni, amma ta taso. Ta fara waƙar nan. Ta zo wurin farko, shiru, ta gyaɗa kai. Wuri na biyu, shiru, har ta buga ƙafa a ƙasa inda tulu ke shiga. Ni ina tsaye da waya ina ɗauka. Sai ta kai kan na uku, wanda ke tsakiya daidai ramin makulli. Ta danna, ta sake dannawa. Ta juyo ta ce, "Wace mara aikin yi ce ta sake kashe mini wannan?"

Na ce ni ce, Gwaggo, ai na ɗauka duka ukun kike so a kashe.

Ta ce, "Biyu na mata ne. Wannan nawa ne. Cire abin da kika cusa, 'yar Alhaji."

Na cire. Ta danna shi, ya yi ƙara, ta yi ta maimaitawa. Shi ne sautin da matar mai niƙa ke ji. Ashe ba ruɗewa ba ce. Ta ce da shi take kiran 'yan mata daga tsakar gida in lokacin darasi ya yi, kuma a kansa take ɗora babban yatsan kowace yarinya ranar farko. Shi ba da mutuwarsa ya zo ba, daga baya ya mutu. Ta ce, "Da ya mutu na sallami yaran. Da me zan fara musu?" Ke nan duk kwanakin nan da nake wurin aiki kira take yi, babu mai shigowa.

Ga amsarki. Biyu ki rubuta shiru, ki sa a ƙasa cewa wurin tulu da tafi ne. Na ukun ki rubuta sauti, a nan ke ce da gaskiya, giɓi ne. Na tambaye ta me ya sa take danna biyun tunda ba sa magana. Ta ce, "In ban danna ba ta yaya zan san sun shigo a kan lokaci?" Ban gane sosai ba, na dai rubuta miki yadda ta faɗa.

Ban gama ba. Tana cikin danna na tsakiyan sai ta dube ni ta ce, "Ke kurma ce? Tun ɗazu nake kira." Ta matsa gefe a kujerar. Na ce Gwaggo zan makara, ana jirana a ɗakin kati. Ta ce, "Ubanki ya zo ya cire ki mu gani." Ta kama babban yatsana ta ɗora a kai. Na makara, an yi mini magana a wurin aiki, na ba da haƙuri.

Kada ki sa rai da yawa. Hannun hagunta ba ya buɗewa sosai yanzu, wata waƙar takan fara ta ɓace mata a tsakiya, sai ta zauna tana kallon bango. Ban san nawa suka rage ba, ban san nawa za mu cim ma ba. Ni kuma yatsuna sun saba da tsintsiya da katin asibiti, ta ce kamar rogo suke. Wataƙila na tsufa da wannan. Amma abin da waya ta kasa ɗauka saboda injin niƙa, ta ce za ta zuba mini a hannun dama, kaɗan kaɗan.

Na turo miki sababbi guda biyu. Akuyar tana ciki.

Takarda ta ƙare, ga shi na gangaro kan inda na riga na jera ayyukan gobe. Ki yi haƙuri da su.

Antinki,
Salihatu

Gobe, in Allah ya kai mu:
Ruwan wankan Gwaggo.
Ƙara baƙin mai a gwangwanin ƙafar baya, ban samu yi yau ba.
Roƙon mai niƙa ya jinkirta tayar da inji.
Gaya wa Mama Rahila su zo da tulu ran Lahadi, a ɗauka tare.
Sayen silifas.
Yanke farce. Gwaggo ta ce ba ta koyar da mai farce.